Darasi na 14: Magungunan Homon da Jikin Dattijo

Duk wanda ya taɓa kiwon awaki ya san bambancin bunsuru da taure. Uwa ɗaya ta haife su, dusa ɗaya suke ci, amma wanda aka dandaƙe sai ya yi sanyi, ya bar faɗa da bin awaki, warinsa ya ragu, ya tara kitse. Wanda aka bari da marainansa kuwa wuyansa ya yi kauri, namansa ya yi tauri. Makiyaya sun san haka tun kafin kowa ya san dalili. Dalilin wani sinadari ne da maraina ke zubawa cikin jini, sunansa testostiron, ɗaya daga cikin sinadaran da likitoci ke kira homon. Aikin homon kai saƙo: wata gaɓa ce ke haɗa shi, jini ya ɗauka ya kai wa wasu gaɓoɓin da ke nesa, su kuma su sauya aikinsu.

A wannan darasi za mu duba abin da ke samun namiji mai shekaru idan aka ba shi homon a matsayin magani, ko kuma aka hana jikinsa yin sa da gangan. Za mu bi tsoka da kitse, mu kuma bi garkuwar jiki. Ku riƙe wannan tun daga yanzu: babu maganin homon da ke zuwa wa gaɓa ɗaya kaɗai. Wanda ya saya don gwiwa, ko don shimfiɗar aure, ƙashinsa da jininsa da hantarsa duk sai sun ji a jikinsu.

Yadda aka gano shi

A 1849 wani malami a garin Gottingen na Jamus, Arnold Berthold, ya fiɗiye zakaru. Tukkunsu ya yanƙwane, suka daina cara. Da ya dasa wa wasunsu maraina a cikin ciki, sai cara da faɗa suka dawo, alhali babu wata jijiya da ta haɗa marainan da sauran jiki. Ashe ta jini saƙon ke bi. Bayan shekara 40, a 1889, wani shahararren likita a birnin Faris, Brown-Séquard, yana ɗan shekara 72, ya yi wa kansa allurar ruwan da ya tatso daga marainan karnuka da ɓerayen Masar, ya fito gaban 'yan'uwansa masana ya ce ƙarfinsa ya dawo. Yanzu an san homon ɗin da ke cikin wannan ruwa bai kai ya yi komai ba. Zuciyarsa ce ta gaya masa ya warke. Amma mutane suka yi ta rububin saye. Sai a 1935 aka ware testostiron na ainihi, kuma a shekarar aka iya haɗa shi a ɗakin gwaji. Labarin Brown-Séquard ya isa ya nuna muku dalilin da ya sa masu bincike ba sa yarda da "na sha na ji daɗi". Sai an raba mutane gida biyu, a ba wasu magani, a ba wasu mai kama da shi wanda babu komai a ciki, ba tare da kowa ya san wanne ya samu ba, sannan a auna.

Abin da shekaru ke yi

Daga wajen shekara 40, testostiron ɗin namiji yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. A hankali yake tafiya, ba kamar ɗaukewar al'adar mata ba, kuma dattawa da yawa suna kai 80 nasu bai faɗi ƙasa da ƙa'ida ba. Tsoka ma tana zaizayewa, kitse kuma yana barin hannu da cinya yana komawa ciki, yana naɗe hanji da hanta. Sikeli ba ya nuna wannan. Mutum yana iya zama kilo 70 yana ɗan shekara 35, ya kuma zama kilo 70 yana ɗan shekara 68, amma ba jiki ɗaya ba ne. Ku lura da dattijo in zai tashi daga tabarma: ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya dafa gwiwa da ɗayan, ya ɗan tsaya a durƙushe, sannan ya miƙe. Wandon da ya ɗinka shekara goma da suka wuce ya matse shi a ƙugu, amma a cinya yana yawo. Wannan shi ne sauyin da muke magana.

Yanzu ga garkuwar jiki. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke ce wa sojojin jiki, ba sa aiki a warwatse. Suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan sinadarai da ake kira saitokin. Wasu na ta da faɗa ne, irin su TNF da IL-1 da IL-6. Su ne ke sa zazzaɓi, su kashe sha'awar abinci, su sa wuri ya kumbura ya yi zafi. Wasu kuma na kwantar da tarzoma ne, irin su IL-10. Idan IL-6 ya isa hanta, sai ta fitar da wani sinadari mai suna CRP, wanda ake iya aunawa a asibitocinmu don a san ko akwai kumburi a jiki.

A jikin matashi mai lafiya, saƙon faɗa yana tashi idan cuta ta shigo, ya kwanta idan ta fita. A jikin tsofaffi da yawa ba ya kwanciya gaba ɗaya. Ba zazzaɓi, ba ciwo, amma in aka auna sai a ga IL-6 da CRP sun ɗan ɗaga, shekara da shekaru. Wani masani ɗan Italiya, Claudio Franceschi, ya bayyana wannan yanayi a shekarar 2000 a matsayin ɗaya daga cikin alamomin tsufa. Ina saƙon ke fitowa? Da yawansa daga tumbi. A 1993 aka gano cewa kitsen jiki mai ƙiba yana fitar da TNF, bayan shekara goma kuma aka ga cewa fararen ƙwayoyin jini suna shiga cikin kitsen su yi sansani. Ke nan tumbi ba rumbun ajiya ba ne kawai, gaɓa ce mai aiki.

Shi kuwa TNF cin tsoka yake yi. Ramar mai tarin fuka ko mai sankara, wadda ko an ba shi nama kullum ba ya murmurewa, da hannunsa a ciki. Haka kuma waɗannan saƙonni suna hana ƙwaƙwalwa umartar maraina su yi aiki, suna kuma rage ƙwazon marainan kansu. To kun ga zagayen: kitse ya ta da kumburi, kumburi ya rage testostiron ya ci tsoka, ƙarancin testostiron da rashin tsoka su ƙara kitse. Saboda haka idan aka auna dattijo mai tumbi aka ga testostiron ɗinsa ƙasa, ba a nan take za a ce ƙarancin ne ya kawo tumbin ba. Sau da yawa tumbin ne ya kawo ƙarancin, kuma in ya rage ƙiba, adadin yakan hau da kansa.

Idan aka ƙara testostiron

Ana ba da shi ta allura ko ta man shafawa. Cewa yana ƙara tsoka ya rage kitse, wannan babu gardama. A 1999 Peter Snyder da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun ba da rahoton maza 108 da suka haura shekara 65, waɗanda aka bi har shekara uku. Waɗanda suka sami maganin sun zubar da kitse kimanin kilo 3, naman jikinsu ya ƙaru da kusan kilo 2. Amma da aka auna ƙarfin miƙe gwiwa da lanƙwasa ta, ba su fi sauran ba. Ga nama ya ƙaru, ga ƙarfi yana nan inda yake. Wannan saɓani za ku yi ta cin karo da shi a darasin nan.

Wani bincike da Joel Finkelstein ya jagoranta a Boston, wanda ya fito a 2013, ya warware wani ƙulli. An ɗauki maza 400 masu lafiya, aka tsayar da homon ɗin jikinsu da allura, sannan aka mayar musu da testostiron gwargwado daban-daban. Jikin namiji yana juya wani ɓangare na testostiron ya zama istirojin, wanda mutane ke ɗauka na mata ne kaɗai, to sai aka ba rabin mazan maganin da ke toshe wannan juyi. Sakamakon ya nuna girman tsoka da ƙarfinta suna bin testostiron, amma taruwar kitse ta fi bin rashin istirojin, sha'awa kuma tana buƙatar duka biyun. Namiji ma ba ya rayuwa lafiya sai da ɗan rabonsa na istirojin.

To garkuwar jiki fa? An daɗe da lura cewa testostiron yana ɗan danne ta. Cututtukan da garkuwa ke juyowa ta yaƙi mai ita sun fi kama mata nesa ba kusa ba. A cutar lufus, cikin masu ita goma, wajen tara mata ne. A 2014 masu bincike a Jami'ar Stanford sun ga cewa mazan da testostiron ɗinsu ya fi yawa ba su karɓi rigakafin mura sosai kamar sauran ba. Daga nan sai wasu suka yi tunani: tunda yana danne garkuwa, ai zai iya kashe kumburin tsufa. Wani ƙaramin gwaji a Sheffield ta Ingila a 2004, mai maza 27, ya ƙarfafa musu gwiwa, don TNF da IL-1 sun sauka, IL-10 ya hau. Amma mutum 27 ba su isa a kafa hukunci a kansu ba. Da aka zo babban gwajin Amurka da ya fara fitowa a 2016, inda aka tantance maza sama da 51,000 aka zaɓi 790 masu shekara 65 zuwa sama waɗanda nasu ya yi ƙasa da gaske, aka yi musu shekara guda ana shafa maganin, IL-6 da CRP ba su motsa ba. Abin da aka samu shi ne sha'awa da kusantar iyali sun ɗan gyaru, ƙarancin jini ya gyaru, ƙashi ya ƙara cika. Kasala ba ta tafi ba, mantuwa ba ta ragu ba, tafiya ta ƙaru kaɗan ƙwarai. Kitsen da ke manne a jijiyoyin zuciya kuwa ya ƙaru. A ganina, inda kumburi ya sauka a wasu gwaje-gwajen, raguwar tumbi ce ta fi yin aikin, ba wani siddabarun maganin ba.

Ku lura kuma da waɗancan lambobi biyu, 51,000 da 790. Mafi yawan dattawan da suka zo suna jin sun gaza, da aka auna su, ba ƙarancin homon ne ke damunsu ba. Wani bincike a ƙasashen Turai takwas, mai maza sama da 3,000 'yan shekara 40 zuwa 79, ya sami kimanin 2 cikin 100 ne kawai ke da ƙarancin tare da alamominsa.

Akwai wuri ɗaya da homon da garkuwa ke jan igiya ɗaya, kowa ta nasa ɓangare, wato jini. Hanta tana yin wani sinadari, hefsidin, mai kulle ƙarfen da ɓargo ke buƙata don yin jajayen ƙwayoyin jini. IL-6 yana ƙara shi, shi ya sa mai doguwar jinya yake rasa jini ko da yana shan maganin ƙarin jini. Testostiron kuma rage shi yake yi, ƙarfe ya samu, ɓargo ya kama aiki. Ga mai ƙarancin jini alheri ne. Ga wanda jininsa ya riga ya isa, sai ya yi kauri. A Ostareliya an gwada allurar ga maza 1,007 masu tumbi, 'yan shekara 50 zuwa 74, har shekara biyu, tare da shirin rage ƙiba ga kowa. A ƙarshe masu ciwon suga kashi 12 ne cikin 100 a ɓangaren masu allurar, kashi 21 a ɗaya ɓangaren. Nasara ce. Amma fiye da ɗaya cikin biyar na masu allurar, awon kaurin jininsu na PCV ya haura 54, iyakar da likitoci ke dakatar da maganin don tsoron daskarewar jini.

Batun zuciya ya daɗe yana ta da hankali. A 2010 an tsayar da wani gwaji a Boston tun bai ƙare ba: cikin tsofaffi 209 masu wahalar tafiya, 23 daga masu maganin sun sami matsalar zuciya ko jijiyoyin jini, 5 kacal daga sauran. Sai a 2023 babban gwajin TRAVERSE, mai maza 5,246, ya nuna bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba su ƙaru ba, kashi 7.0 cikin 100 ga masu maganin, kashi 7.3 ga sauran. Amma rikicewar bugawar zuciya, da toshewar jijiyar huhu, da raunin ƙoda sun fi yawa ga masu maganin. Karaya ma ta fi yawa gare su, abin da ba wanda ya yi tsammani.

Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Dattijo ya yi amarya, yana son ƙarfi, yana kuma son haihuwa, sai a kai shi wurin mai allura. Da zarar ƙwaƙwalwa ta ji testostiron ya cika jini daga waje, sai ta daina aika wa maraina umarni. Su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani lokaci su ɗauke ƙaf. Har an taɓa gwada wannan allura a matsayin maganin hana haihuwa na maza, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ta yi aiki. Mai neman ɗa ba shi ba ita.

Idan aka cire shi

Sankarar furostet, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ita ce sankarar da ta fi kama maza a Najeriya. A 1941 Charles Huggins na Chicago ya nuna cewa da testostiron take girma, in aka yanke mata shi sai ta lafa. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1966, kuma har yau a kan wannan ake. Ko dai a cire maraina da tiyata, ko a riƙa yin allura irin su Zoladex duk wata ko duk wata uku.

Maganin yana sauƙaƙa ciwon ƙashi, yana tsawaita kwana da yardar Allah, amma yana da farashi. Wani bincike na 2002 ya bi masu irin wannan allura har mako 48: kitse ya ƙaru da kashi 9.4 cikin 100, naman jiki ya ragu da kashi 2.7. Ƙashi yana yin sako-sako, haɗarin ciwon suga yana ƙaruwa, zufa tana karyo wa mutum cikin dare. Iyali sukan ga baba ya yi ƙiba su ce, "Alhamdu lillahi, Baba ya murmure." Ba murmurewa ba ce. Wanda ke kan wannan magani kada ya bari don tsoron ƙiba, amma ya yi tafiya kullum, ya motsa gaɓoɓinsa da ɗan nauyi, a riƙa auna masa suga.

Ta ɓangaren garkuwa kuwa akwai abin mamaki. A bayan ƙashin ƙirji akwai wata gaɓa, taimos, inda ake horar da wani rukuni na sojojin jiki. Tana da girma ga yaro, daga balaga sai ta yi ta motsewa tana zama kitse. In aka fiɗiye tsohon ɓera, sai ta sake tohowa, kuma an ga sababbin ƙwayoyin garkuwa sun ƙaru a jinin wasu maza masu allurar furostet. Ke nan homon ɗin da ke gina tsoka shi ne kuma ke taya taimos tsufa.

Homon ɗin girma

Wannan ba zai ɗauke mu lokaci ba. A 1990 Daniel Rudman ya yi wa maza 12 'yan shekara 61 zuwa 81 allurar homon ɗin girma wata shida. Naman jiki ya ƙaru da kashi 8.8 cikin 100, kitse ya ragu da kashi 14.4. 'Yan kasuwa suka ɗauki waɗannan lambobi suka gina sana'ar "maganin tsufa" a kansu, har mujallar da ta buga binciken ta fito a 2003 tana jan kunne. Binciken da suka biyo baya sun nuna wani ɓangare na abin da ya ƙaru ruwa ne, ƙarfi bai ƙaru ba, sai kumburin ƙafa, ciwon gaɓoɓi, dindiris a yatsu, da hawan suga. Ga wanda ba shi da ainihin cutar rashinsa, asarar kuɗi ce da neman ciwo.

Wanda ke kan tebur a kemis

Duk waɗanda muka ambata, ba kowane dattijo ne a Kano ko Maraɗi zai taɓa ganinsu ba. Amma akwai maganin homon da ke kusan kowace unguwa, mai arha, mutane kuma ba su san homon ba ne: deksametazon, wanda ake ce wa deksa, da ɗan'uwansa firedinisolon. Kwaikwayon kotisol ne, homon ɗin da wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda ke yi. Tun 1948, da aka ba wata mai amosanin gaɓɓai kotizon, ɗan'uwan kotisol, a asibitin Mayo na Amurka ta tashi ta yi tafiya, likitoci suka san sun sami makami. Deksa ya fi kotisol ɗin jiki ƙarfi wajen sau 25.

Aikinsa shiga cikin ƙwayar garkuwa ya hana ta aika saƙon faɗa. TNF, IL-1, IL-6, duk su yi shiru. In garkuwa ta haukace tana neman kashe mai ita, wannan ceton rai ne. A watan Yuni na 2020 gwajin RECOVERY a Ingila ya nuna miligiram 6 a rana, har kwana goma, ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku. Amma ga waɗanda ciwon bai kai su ga buƙatar iskar oksijin ba, bai amfane su da komai ba. Magani ɗaya, cuta ɗaya; bambancin shi ne wa aka ba, kuma yaushe. Ga mai asma da ta tashi, da wasu cututtukan ƙoda da na gaɓɓai, magani ne na gaske, a hannun likita.

Ga yadda abin yake faruwa a wurinmu. Dattijo ya zo kemis bayan la'asar yana dogara sanda.

"Yaro, gwiwar nan ta hana ni sallah a tsaye. Haɗa mini na sanyi."

"To Baba, an gama."

A zuba masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar leda, ja da fari da rawaya, babu kwali, babu suna. A cikinsu akwai wata 'yar mitsitsiya. Kwana biyu, gwiwa ta saki, abinci ya shiga, Baba ya ce yaron nan ya fi likita. Ya ƙare ya koma, ya ƙare ya koma. Bayan wata shida fuska ta yi fam kamar an hura, ƙeya ta yi tozo, ciki ya fito, hannuwa da ƙafafu sun sirance. Fata ta yi laushi, ɗan bugu kaɗan sai jini ya kwanta. Tsokar cinya da ta ƙugu ita ta fi zubewa, don maganin yana narkar da ita ya mayar da ita suga, shi ya sa wanda ya fara sha don ya iya ruku'u yake ƙarewa ba ya iya tashi daga kujera sai an kama shi. Suga ya hau, jini ya hau, ƙashin baya ya fara rugujewa, ido ya yi yana. Testostiron ɗinsa ma ya sauka, don deksa yana danne shi, kamar yadda taramol ke yi. Masu shan deksa, wanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, don su yi jiki, su ne aka yi wa karin maganar nan: garin neman ƙiba an samo rama.

Mafi muni shi ne abin da ba a gani. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar tarin fuka, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa. A jikin mafi yawan mutane garkuwa ta yi wa ƙwayar ƙawanya a huhu, kuma TNF yana cikin masu riƙe da ƙawanyar. Ka yi wata da watanni kana kashe wannan saƙo, ƙawanya ta ɓalle. Haka ciwon hanta nau'in B da ke kwance yakan farka. Kuma da yake zazzaɓi ma saƙon garkuwa ne, mai shan deksa yana iya ɗauke da mummunar cuta jikinsa bai yi zafi ba, sai an makara.

Amma fa a kula: wanda ya wuce mako uku yana sha, kada ya yanke rana ɗaya. Gaɓoɓin da ke yin kotisol sun riga sun yi barci tunda ana kawo musu daga waje. In aka yanke kwatsam, jini yana iya faɗuwa, amai da galabaita su biyo, har a rasa rai. A hankali ake ragewa, bisa tsarin likita.

Wa ya cancanta, kuma me ya rage wa sauran

Testostiron magani ne ga wanda marainansa ko ƙwaƙwalwarsa suka kasa da gaske, kuma yana da alamomi. Ana auna jinin da safe kafin a karya, don da safe ya fi yawa, kuma sau biyu a ranaku daban-daban. Ba a aunawa mutum yana fama da zazzaɓin cizon sauro ko wata jinya, don kun riga kun ga kumburi yana saukar da shi na ɗan lokaci. Kafin a fara sai an duba PCV da awon furostet na PSA, a kuma ci gaba da dubawa. Mai sankarar furostet ba a ba shi. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta faɗa a 2015 cewa ba a amince da shi don tsufa kawai ba.

Sauran dattawa fa? A 1990, shekarar da Rudman ya fitar da nasa, wata likita a Boston, Maria Fiatarone, ta sa tsofaffi goma masu kimanin shekara 90 ɗaga nauyi da ƙafa, sau uku a mako, har mako takwas. Ƙarfin ƙafarsu ya kusa ninkawa uku. Babu allura ko ɗaya. Daga baya masu bincike a Denmak suka gano cewa tsoka mai aiki ita ma tana fitar da IL-6, amma na ɗan lokaci, kuma wannan fitowar takan jawo IL-10 ta danne TNF. Dattijon da ke zuwa gona, ko yake taka sayyadarsa zuwa masallaci da kasuwa, yana samun wannan. Wanda ya yi ritaya ya koma daga kujera sai mota, shi ne ke buƙatar ya tashi ya zauna daga kujera sau goma, safe da yamma, ba tare da dafawa ba in zai iya, ya kuma sami wake, ƙwai, kifi, nono ko ƙuli-ƙuli a abincinsa, sai dai in likita ya taƙaita masa saboda ƙoda.

Aikin gida

Ku amsa a littafinku: me ya sa sikeli ba ya isa a gane ko dattijo ya samu lafiya ko ya rasa ta? Ta wace hanya tumbi ke rage testostiron? Me ya sa ba a yanke deksa rana ɗaya?

Sannan kowa ya duba magungunan da mahaifinsa, ko mijinta, ko shi kansa yake sha. Ku rubuto sunayen da ke jikin kwalayen ku zo da su aji mako mai zuwa. Wanda kuka samu a leda babu suna, ku koma wurin wanda ya sayar ku ce ya rubuta muku sunan kowace ƙwaya. In akwai deksa ko firedinisolon a ciki, kuma an wuce mako uku ana sha, kada ku ƙwace, kada ku zubar. Ku raka mai shan asibiti da ledar a hannu.